Bitar vrc: kayan aikin duba alamomin coroutine_fn a kod ɗin ajiya na QEMU

vrc ƙaramar manhaja ce ta Python da Paolo Bonzini, ɗaya daga cikin masu kula da QEMU (manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfutar), ya rubuta. Aikinta shi ne ta karanta kod na C, ta zana taswirar wane fankshin ke kiran wane, sannan ta ba ka damar yi wa taswirar tambayoyi. Inda ta fi amfani shi ne ɓangaren faifai na QEMU, wato jakar block/ da abin da ke rataye da ita, inda sanya alamar coroutine_fn daidai ke raba na'urar kwaikwayo mai aiki da wadda ke cijewa ba gaira ba dalili. Hukuncinmu tun daga farko: duk mai taɓa direban faifai a QEMU ya kamata ya iya amfani da ita, amma ba ta kai a miƙa mata amana a rufe ido ba, kuma ba ta wadatar ita kaɗai.

Sai an fahimci matsalar kafin a ga darajar maganin. QEMU ta fara amfani da korotin a ɓangaren faifai tun 2011. Korotin fankshin ne da zai iya dakatawa a tsakiyar aiki, daga baya ya ci gaba. Kowane korotin yana da sitak nasa (wurin ajiye bayanan kiraye-kirayensa) mai girman megabait 1, kuma ana sauyawa tsakaninsu ta hanyar ucontext a Linux, ko sigaltstack a wasu tsarin, ko fiber a Windows. Idan buƙatar karatu ko rubutu ta kai inda dole a jira faifai, korotin ya kira qemu_coroutine_yield() ya saki ragama, zaren (thread) da ke gudanar da shi ya koma zagayen jiran aukuwa ya ci gaba da wasu ayyuka. Bayanai na isowa, aio_co_wake() ta tashe shi ya ɗora daga inda ya tsaya. Wannan ne ya sa kod ɗin qcow2, tsarin hoton faifai na QEMU, ke karantuwa layi bayan layi, ba tsalle-tsalle tsakanin fankshin ɗin amsa kira ba.

Dokar guda ɗaya ce: fankshin mai alamar coroutine_fn ba ya kiruwa sai daga wani mai irin alamar. Abin damuwar shi ne fiye da shekara goma alamar ba komai ba ce illa makro marar ciki. Kwamfaila ba ta ganin ta, balle ta tsawatar. An taɓa gwada magance wannan a 2013 da wani kayan bincike mai suna CoroCheck, aikin Gabriel Kerneis da Charlie Shepherd da Stefan Hajnoczi, wanda ya tono alamomi masu yawa da suka ɓace, amma bai zama abin amfanin yau da kullum ba. Daga QEMU 8.0 ne alamar ta fara zama sifar annotate idan an harhaɗa da kwamfailar clang. A lura, ko clang ɗin ba ya gargaɗi a kanta. Yana dai barin tambari a jikin bishiyar kod, wanda libclang, laburaren clang, ke iya karantawa, kuma daga nan vrc ke ɗauka. A kwamfailar GCC har yanzu makron fanko ne.

Kuskuren yana zuwa ta fuska uku, kuma ba su yi kama da juna ba wajen bayyana.

Na farko, fankshin marar alama ya kira mai alama, shi kuma wani ya kira shi daga wajen korotin. Idan aka kai ga sakin ragama, QEMU ta buga "Co-routine is yielding to no one" ta mutu nan take, ko kuma wani assert(qemu_in_coroutine()) da ke can ƙasa ya fashe tun kafin a kai nan. Wannan mutuwar da sauƙi, domin tana nuna wurin. Wahalar ita ce ba kullum ake kaiwa ga sakin ragamar ba. Ɗauki fankshin da ke neman wani tebur a ma'ajiyar kusa, ba ya zuwa faifai sai bai samu ba. A gwajin da aka yi da ƙaramin hoton faifai, teburin na nan a ma'ajiya kullum, komai ya wuce lafiya. Ranar da aka kawo hoto mai girma ma'ajiyar ta cika, sai a bi ɗaya hanyar, na'urar baƙo, wato wadda QEMU ke kwaikwaya, ta faɗi a tsakiyar aiki.

Na biyu shi ne akasin haka, kuma ya fi muni. Korotin ya kira fankshin da ke zaman jira da AIO_WAIT_WHILE(), wato yana juya zagayen aukuwa a cikin sitak ɗin korotin. Idan abin da ake jira ya dogara da wannan korotin ɗin ya gama ko ya saki wani makulli, an cije ke nan. Babu saƙon kuskure, babu faɗuwa, sai dai faifan baƙo ya daina amsawa. Irin wannan ne ya sa buɗe hoto da sakin sa daga cikin .bdrv_co_create ya zama matsala lokacin da aka shigo da makullin taswirar faifai (mai tsare yadda faifai ke haɗe da juna a cikin QEMU, ba taswirar vrc ba), domin bdrv_graph_wrlock() yana zaman jira kuma an yi masa alamar no_coroutine_fn, mai nufin kada korotin ya kira shi.

Na uku ya fi su ɓoyewa. Mai kira ya ɗauka fankshin ɗin da ya kira ba zai saki ragama ba, don bai ga alama a kansa ba. Sai ya riƙe QemuMutex ya tsallaka kiran da shi, ko ya ci gaba da bin jerin da wani zai iya sauyawa. Aka saki ragama a can ciki, wani korotin a zare ɗaya ya tashi ya nemi wannan makullin, zaren ya tsaya yana jiran kansa. QemuMutex na zare ne, bai san korotin ba. CoMutex ne aka yi don a riƙe a tsallaka sakin ragama. A nan alamar ba ta kwamfaila ba ce sam, ta mai karanta kod ce: ita ke gaya masa cewa duniya na iya sauyawa kafin wannan layin ya dawo.

Shirya vrc ba shi da wuya, amma akwai tsari. Ana buƙatar Python 3 da libclang. A buɗe sabuwar jakar gini, a saita ta da --cc=clang, a taƙaita --target-list zuwa x86_64-softmmu don rage lokaci, sannan a gina har ƙarshe kafin a taɓa vrc. Dalilin ginin shi ne akwai fayilolin da sai a lokacin gini ake samar da su, irin su block-gen.c da hedojin QAPI (tsarin da ke bayyana umarnan QEMU), kuma in babu su libclang zai yi tuntuɓe ya bar ramuka a taswirar. Meson, tsarin ginin QEMU, yana ajiye compile_commands.json a jakar ginin, daga nan vrc ke sanin tutocin da aka harhaɗa kowane fayil da su, saboda haka daga cikin jakar ake kunna ta. A sigogin QEMU 8 umarnin lodi kamar haka yake:

    load --loader clang libblock.fa.p/*.o

Sunan jakar ya sauya a sigogin baya-bayan nan, sai a duba abin da ke cikin jakar ginin. Kada a manta da --loader clang. vrc ta fara rayuwa ne tana karanta bayanan da GCC ke zubarwa, kuma ta wannan hanyar alamomin ba sa zuwa. Lodin yana ɗaukar lokaci, domin kowane fayil sai an sake fassara shi, amma da zarar taswirar ta shiga, tambayoyi ba sa jinkiri.

Umarnin paths shi ne zuciyar manhajar. Ana rubuta sharaɗi a cikin baka mai kusurwa, alamar motsin rai tana nufin "ban da", waƙafi yana haɗa sharuɗɗa. Tambayoyi uku ne ke ɗauke da yawancin aikin:

    paths [!coroutine_fn,!coroutine_mixed_fn] [coroutine_fn]
    paths [coroutine_fn] [no_coroutine_fn,!coroutine_mixed_fn]
    paths [coroutine_fn] [coroutine_mixed_fn]

coroutine_mixed_fn alama ce ta fankshin mai gauraye, wanda ake iya kira daga cikin korotin ko daga waje. Ta farko tana fito da marasa alama da ke kiran masu alama. Ta biyu tana fito da korotin da ke kiran abin da zai iya cije shi, kuma duk layin da ya fito a nan a ɗauke shi da muhimmanci. Ta uku ba lallai kuskure take nunawa ba, tana nuna wuraren da korotin ke bi ta lulluɓi, wato fankshin ɗin da ke kiran wani a madadinsa, alhali zai iya kiran ainihin fankshin kai tsaye, misali bdrv_pread() a inda bdrv_co_pread() ya dace. Wannan ɗan ƙaramin yaren tambaya shi ne abin da muka fi yabawa a vrc. Abin da grep ba zai taɓa iya faɗa ba, domin bai san wa ke kiran wa ba, nan layi ɗaya ne.

Sai dai fitar da jeri ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne hukunta kowane layi, kuma a nan mutane ke yin gaggawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a manna coroutine_fn a kan duk abin da ya fito, a sake lodi, a ga sabon jeri na masu kiran su, a sake mannawa. Hakan daidai ne muddin hawan da ake yi zai ƙare a tushen da da ma korotin ne: filin BlockDriver irin .bdrv_co_preadv, ko .run na aikin bayan fage kamar mirror da backup, ko fankshin ɗin da aka miƙa wa qemu_coroutine_create(), ko umarnin QMP (hanyar aika wa QEMU umarni) da aka rubuta masa 'coroutine': true a tsarin QAPI, kamar block_resize tun sigar 5.2. Idan kuwa hawan ya ƙare a wurin da ba korotin ba, kamar hanyar rufe hoto ko wani BH (ƙaramin aikin da ake jinkirtawa zagayen aukuwa ya gudanar), to ba alama ce ta ɓace ba, kwaro ne na gaske aka kama. Manna alama a irin wannan wurin ƙarya ce da za ta rufe bakin vrc ta bar kwaron. Gyaran shi ne a ƙirƙiri korotin a jira shi. qcow2_open() misali ne mai kyau: shi kansa ba korotin ba ne, yana ƙirƙirar korotin da zai gudanar da qcow2_do_open(), ya jira har ya gama.

Ba sai an rubuta irin wannan lulluɓin da hannu ba, kuma bai kamata ba. QEMU na da scripts/block-coroutine-wrapper.py, wanda Vladimir Sementsov-Ogievskiy ya shigar a 2020, shi ke samar da block-gen.c. Ka rubuta bdrv_co_foo() a matsayin coroutine_fn, ka bayyana bdrv_foo() a heda da alamar co_wrapper, rubutun ya samar maka da jikinsa: ya tattara ƙimomin da aka miƙa wa kiran a wani tsari, ya ƙirƙiri korotin, ya zauna jira. Akwai co_wrapper_mixed, wanda ke duba qemu_in_coroutine() ya kira kai tsaye idan ana cikin korotin. Akwai masu ƙarin _bdrv_rdlock da ke ɗaukar makullin karatu na taswira. Akwai kuma no_co_wrapper mai aiki ta ɗaya ɓangaren: korotin ya kira bdrv_co_unref(), a tura ainihin bdrv_unref() zuwa BH a babban zagaye, korotin ya saki ragama har a gama. Abubuwa biyu ke yawan kawo cikas. Sunan dole ya bi ƙa'ida, domin rubutun daga suna yake gano abokin haɗin. Kuma hedar dole ta kasance cikin jerin da block/meson.build ke miƙa wa rubutun, in ba haka ba za a harhaɗa lafiya sai a wurin haɗa fayiloli a ce ba a ga fankshin ɗin ba.

Abin da ya sa wannan ya shafi vrc shi ne yadda aka fassara makron. co_wrapper yana buɗewa zuwa no_coroutine_fn, co_wrapper_mixed kuma zuwa no_coroutine_fn haɗe da coroutine_mixed_fn. Shi ya sa tambaya ta biyu a sama ke cire masu gauraye: ba don haka ba, za ta cika da kiraye-kirayen da ba sa cijewa, ainihin masu haɗari su nutse a ciki.

Kan coroutine_mixed_fn muna da ra'ayi mai ƙarfi. Alamar gaskiya take faɗa game da kod ɗin da ya riga ya kasance, kuma gara a sa ta da a bar fankshin tsirara yana sakin ragama a ɓoye. Amma a sabon kod alama ce ta cewa marubucin bai yanke shawara ba. Fankshin mai gauraye yana ɗauke da haɗarin ɓangarorin biyu: a cikin korotin zai iya sakin ragama, a waje zai iya juya zagayen aukuwa, kuma mai kiransa dole ya shirya wa duka biyun. vrc ma ba ta iya taimako sosai a nan, domin ba ta fahimtar reshen if (qemu_in_coroutine()). A wurinta kira kira ne, ko ta wane reshe ya bi. Duk inda aka sa wannan alamar, binciken ya tsaya ke nan, sai ido.

Manunan fankshin su ne wuri na biyu da ake buƙatar hankali, kuma ɓangaren faifai cike yake da su. vrc tana bambanta kira da ambato: miƙa sunan fankshin ga qemu_coroutine_create() ambato ne, kuma halas ne daga ko'ina. Filayen BlockDriver suna ɗauke da alamarsu a block_int-common.h, saboda haka kiran da ke bi ta cikinsu ana iya duba shi. Amma a harshen C alamar ba ta cikin nau'in fankshin, don haka kwamfaila za ta karɓi coroutine_fn da aka cusa a filin da ba na korotin ba ba tare da ƙorafi ba. Inda abin ya fi sulɓewa shi ne manuni na gama-gari, irin mai karɓar void * kawai, wanda ake kira daga wurare daban-daban. A nan sai an bi masu kiran da hannu. Haka kuma _co_ a cikin suna al'ada ce kawai, ba hujja ba: akwai masu sunan da ba alamar, akwai masu alamar da ba sunan. A sa alamar a heda da kuma jikin fankshin, har da bayanin gaba na fankshin static, domin mai karanta fayil ɗin .c ba zai je ya buɗe heda ba.

Abokin tafiyar vrc shi ne binciken -Wthread-safety na clang, wanda QEMU ke amfani da shi don makullin taswira tun 8.0. Mutane kan haɗa su, alhali tambayoyinsu daban ne. GRAPH_RDLOCK da GRAPH_WRLOCK suna faɗin wane makulli dole mai kira ya riƙe, kuma clang yana tsawatarwa a kowane gini. Wannan fifiko ne babba a kan vrc, wadda sai ka tuna ka kunna ta. Amma clang bai san korotin ba. Inda suke haɗuwa shi ne wurin zaɓen mai gadi. GRAPH_RDLOCK_GUARD() na cikin korotin ne, domin zai iya sakin ragama yana jiran mai rubutu ya gama. GRAPH_RDLOCK_GUARD_MAINLOOP() na babban zagaye ne a wajen korotin, kuma yana tabbatar da hakan da assert. Duka biyun suna gamsar da clang. Idan ka yi kuskuren sanin ko fankshin ɗinka korotin ne, za ka zaɓi mai gadin da bai dace ba, ginin ya wuce tsaf, ya fashe lokacin aiki. Saboda haka a fara daidaita coroutine_fn da vrc, sannan a zo kan makulli. Shi ma binciken clang manuni na kayar da shi, shi ya sa aka yi GRAPH_RDLOCK_PTR, wanda ke tilasta a riƙe makullin a lokacin karanta manunin. TSA_NO_TSA da assume_graph_lock() kuwa, duk inda aka gan su a sabon faci ya kamata mai bita ya nemi dalili.

Raunin vrc mafi girma a aikace shi ne abin da aka harhaɗa kawai take gani. Idan injin da ka yi gini a kansa ba shi da liburing, block/io_uring.c ba ya cikin taswirar. Haka linux-aio, da direbobin rbd, iscsi, nfs, ssh da curl, kowanne sai laburarensa na nan. Kod ɗin Windows kamar file-win32.c ba zai bayyana a ginin Linux ba, kuma duk reshen #ifdef da bai kunnu ba ya ɓace. Jeri marar komai ba ya nufin kod ɗin tsaf yake, yana iya nufin ba a loda rabinsa ba. A duba taƙaitaccen bayanin da configure ke bugawa a ƙarshe kafin a yarda da sakamako. Sannan libblock ba shi ne duka ba: masu kira da yawa suna hw/block, hw/scsi, blockdev.c, qemu-img.c da nbd/server.c, kuma in ba a loda su ba hawan zai tsaya a tsakiya ka ɗauka ka kai tushe.

Bayanin amfani da ke tare da manhajar ma kaɗan ne. Wanda bai san ɓangaren faifai ba zai ga jerin sunaye ya rasa wanne ne kwaro. Kuma akwai matsalolin korotin da ba ruwansu da alama. Korotin na iya kwanciya a wani zare ya farka a wani, kwamfaila kuwa, musamman idan an kunna LTO (inganta kod a lokacin haɗa fayiloli), tana iya riƙe adireshin bayanan zare na farko ta ci gaba da amfani da shi. Maganin wannan yana coroutine-tls.h, vrc ba za ta ce komai a kai ba. Riƙe QemuMutex a tsallaka sakin ragama ma ba ta gano shi da kanta, iyakarta ta sa alamomin su zama gaskiya har mai bita ya iya gani.

Don haka gwajin lokacin aiki bai faɗi ba. Bayan kowane gyara a gudanar da ./check -qcow2 da ./check -raw a tests/qemu-iotests, da na duk tsarin hoton da aka taɓa. Idan aka samu cijewa, jerin kiran da gdb, manhajar farautar kwaro, ke nunawa na zare ne, ba zai nuna korotin da ke kwance ba. A loda scripts/qemu-gdb.py, a yi amfani da umarnin qemu coroutine tare da adireshin korotin don ganin inda ya tsaya. A fankshin ɗin da ke bakin iyaka, wanda ake kira ta manuni daga wurare da yawa, layi ɗaya na assert(qemu_in_coroutine()) ko akasinsa yana mayar da cijewar da ba ta magana zuwa faɗuwa mai nuna wuri.

Wajen aika gyara, a raba facin alama zalla da facin da ke sauya hali. Ƙara coroutine_fn kaɗai ba ya sauya umarnin injin da GCC ke fitarwa, tunda makron fanko ne a wurinsa, kuma ana iya tabbatar da hakan ta kwatanta abin da objdump -d ya fitar kafin da bayan gyaran. Bambancin da za a iya gani shi ne lambobin layi da assert ke ɗauka, idan tsawon alamar ya sa an karya layi biyu. Sauya bdrv_pread() zuwa bdrv_co_pread() kuwa sauyin hali ne ko da ya yi kama da gyaran suna, domin sabon kiran yana buƙatar makullin karatu na taswira a hannun mai kira, kuma ba zai ƙara yin aiki a wajen korotin ba. Irin wannan ya tafi a facinsa daban, tare da bayanin tushen korotin da ke kiran sa.